Ƙofar Masauki a Fuskar Bango

Zaliha ta fara zanen gidaje tun ana yin sa a tsaye, a kan tebur mai jirge, da takarda shara-shara da alƙalamin tawada da reza ta kankare kuskure. Wani ƙaramin biro ne, wato ofis, na masu tsara gini a unguwar Kilemat ta Njamena, kuma duk cikinsa ita kaɗai ce mace, ita kaɗai ce Bahaushiya. Mai biron, wanda kowa ke ce wa Fatron, shi ke tsara ginin, ita kuma ta fitar da shi a takarda yadda magini zai gane. Ta fi ƙwarewa a fasad, wato zanen fuskar gida yadda mai tsaye a titi zai gan ta. A zamanin tebur wannan aiki ba shi da wata gardama. Abin da ido ba zai hango daga titi ba, ba a zana shi, shi ke nan.

Da aka fara haƙo mai a kudu, kowa a Njamena ya tashi sai ya yi bene, Fatron ya kawo kwamfuta, wadda a garin ake ce wa ordinater, ya jingine teburan a bango. Zaliha ta koya, tana yi tana tsaki. Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne, ita na'urar nan ba ta san gaba da baya ba. Ka zana bishiya, ka zana bango, ka zuba wa bangon launi ya cika taf, to duk wanda ka zana daga ƙarshe shi zai haye kan 'yan'uwansa, ko da kuwa a zahiri can bayan gida yake. Dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka kama wannan ka ce koma baya, ka kama wancan ka ce fito gaba. Kuma ba abin da ke gogewa. Wanda aka tura baya yana nan ɗungurungum, launi ne kawai ya rufe shi. Takan ce wa abokan aikinta da Larabci na'urar nan halin mutanen yanzu gare ta, wanda ya zo jiya shi ke zaune a gaba. Su yi dariya su koma hirarsu ta ƙwallo, ita kuma ta buɗe kwanon abincinta a gaban allon.

Da yamma takan hau babur ta koma unguwar Sabangali, gidan mahaifinta Malam Mudi. Gida ne mai ɗakuna rututu, amma su biyu ne a ciki. Mahaifiyarta ta rasu. Mijinta ma ya rasu ba su haihu ba, ta ɗauko akwatinta ta dawo. Ƙannenta mata aure ya watsa su, wata Abeshe wata Kusri, yayanta Salmanu kuwa yana Jidda da iyalinsa yana sayar da yadi. In cokali ya faɗi a madafa, har ɗakin ƙarshe ana jin sa. Duk wanda ya ce shiru hutu ne, bai taɓa tuƙa tuwo a tukunyar taro ya kwashe na mutum biyu ba. Zaliha tana jin kaɗaicin nan har cikin ƙashinta, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa.

A gaban gidan akwai ɗan fili, a ƙarshen filin kuma ɗaki ɗaya na ƙasa yana kallon titi, da ƙofar katako shuɗiya wadda aka yi wa facin gwangwani ta ƙasa. Shi ake kira masauki. Kakan Zaliha ne ya gina shi, mutumin Haɗeja da ya taso a ƙasa za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a nan tun garin yana amsa sunan Forlami, ya tsaya neman na gaba, har ya mutu yana cewa shi matafiyi ne. Wasiyya ɗaya ya bari. Kada a kulle ƙofar nan, kada kuma a bar wani abu ya tare ta daga titi, domin duk ɗan'uwa mai tafiya gabas ya hango ta ya san inda zai sauke kayansa. A da an sha sauka, har a fili ake kwana. Yanzu kuwa alhazai ta sama suke wucewa, masauki ya daɗe bai ga baƙo ba sai ƙadangaru. Wannan bai hana Malam Mudi share shi kowace safiya da canja ruwan randar da ke bakinsa ba, duk da idonsa ya fara hazo.

Ana nan sai Salmanu ya bugo waya.

"Zaliha, filin nan na gaba asara kawai ake yi," in ji shi. "A jera shaguna, 'yan butik, a ƙasa, a ɗora bene a sama. In an gama, ni da Bilkisu da yara mu tattaro mu dawo. Na gaji da zaman ƙasar mutane, kullum ana tare ka ana tambayar takarda."

"Da gaske kake, Yaya?"

"Ni sa'an wasanki ne? Ke ce mai zane, ki zana. Baba kawai za ki shawo mana kansa."

Ya yi ta bayani a kan siminti da rodi, amma ita ba ta ji komai ba bayan "mu dawo". Ta ajiye wayar ta tsaya a tsakar gida tana kallon ɗakunan nan rufaffu. Har ta ga takalman yara a barbaje a bakin ƙofa, har ta ji kanta tana yi musu faɗa su daina wasa da famfo. Rabon da ta yi wa wani faɗa a gidan nan ta manta.

Ta sami Malam Mudi bayan la'asar yana zaune a bakin masauki, ta durƙusa ta zayyana masa. Ya saurara har ta gama. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiran sunanta.

"Uwata, gida naku ne, ni me ya rage mini? Ku gina har ya taɓo gajimare. Abu ɗaya na roƙe ku, mai wucewa a titi ya ga ƙofar nan. Ki yi hoton ki kawo mini in gani da idona. In na gan ta, shi ke nan, na yarda."

A gaskiya, a yi mata adalci, Zaliha ta yi ƙoƙari. Ta zana butik biyu ta bar hanya a tsakiya, Salmanu ya ce butik na tsakiya shi ne idon wurin, in babu shi ginin bai ci sunansa ba. Ta matsar da jerin gefe guda, Fatron ya duba ya ce filin ba zai ɗauka ba, kuma ginshiƙin da zai riƙe benen a daidai wurin nan zai tsaya. Abin da ya yiwu shi ne a bar masauki yadda yake, ba a taɓa ko hoge ɗaya ba, amma ya koma bayan butik ɗin, a riƙa shiga ta wani siririn lungu a gefe. Ta san amsar da mahaifinta zai bayar. Ta yanke shawarar ta zana gaskiya ta kai masa, ya ce a'a, kowa ya huta, ita kuma ta ci gaba da zamanta yadda ta saba.

Ta zana tsohon gida tukuna, da masaukinsa da darbejiyar da ke leƙowa ta bayansa. Sannan ta ɗora sabon gini a gaba, ta zuba wa bangonsa launin ƙasa-ƙasa. Ƙofar ta nutse, ko alamarta babu. Zaliha ta daɗe tana kallon wurin. Sai ta tuna cewa ƙofar da ta sa ɗin ma ba tasu ba ce, irin wadda ke zuwa a shirye cikin na'ura ce, mai madubi da marikin Turawa. Abin ya tsaya mata a rai. Ko ba za a gan ta ba, ai ya kamata a binne ta da kamanninta. Ta ɓoye sabon ginin na ɗan lokaci, ta goge baƙuwar ƙofar, ta zauna ta zana tasu da ka: katakai a tsaye, na hagu ya ɗan karkace, zoben ƙarfe, facin gwangwani da ƙusoshinsa, shuɗin da rana ta cinye ta sama. Tana gamawa Fatron ya leƙo yana kumfar baki a kan aikin wani ɗan kasuwa da ya makara. Ta mayar da sabon ginin, idonta yana kan Fatron, ta tura zanen ga injin bugawa, ta naɗe takardar bakinta yana ba shi haƙuri. Ta manta da dokar da ita kanta ke yi wa ba'a, cewa wanda ya zo ƙarshe shi ke hawa sama.

Da ta koma gida, a kan tabarma ta warware wa Malam Mudi takardar, ta danne gefunan da takalmi da buta. Ta riga ta shirya maganar da za ta yi. Tana ɗago ido sai ga ƙofar, shuɗiya shar, zaune daram a kan sabon bango tsakanin ƙofofin ƙarfe na butik, kamar dama can an bar mata gurbi. 

Malam Mudi ya sunkuya har gemunsa yana taɓa takardar. Ya bi da yatsa daga wannan gefe, ya wuce butik na farko, ya tsaya.

"Ga ta," in ji shi. Ya ƙara matsawa. "Kai! Har da facin gwangwanin! Uwata, ordinater ɗin nan ta taɓa zuwa gidanmu ne?"

Ya yi dariya, irin wadda Zaliha ba ta ji ba tun rasuwar mahaifiyarta, har ya share ido da gefen rawani.

"Allah ya yi miki albarka. Ni da na kwana biyu ba na barci, ina cewa yaran nan za su sa in ci amanar ubana. Ki bugo wa Salmanu, ki ce na yarda."

Ta buɗe baki. Kalma kaɗan ce, Baba kuskure ne. Amma ga tsoho yana dariya, ga takalman yaran nan sun sake bayyana mata a bakin ƙofa. Ta ce a ranta gobe za ta faɗa masa. Goben nan kuwa kowa ya san ta, tana da 'yan'uwa da yawa. Malam Mudi ya karɓi takardar, ya nemi ƙusa ya kafe ta a bangon masauki.

Washegari a biro ta buɗe zanen, ta kama ƙofar ta ce koma baya. Dannawa ɗaya ce. Bango ya rufe, fasad ta fito daidai yadda za ta kasance a duniya. Wannan ta buga ta ba Yunusu magini, wani Bahaushen Zinder da ya daɗe yana yi wa biron aiki.

Ranar da aka fara haƙa harsashi, Yunusu ya shiga masauki shan ruwa, ya fito yana sosa ƙeya. Ya same ta a gefe inda tsoho ba zai ji ba.

"Madam, takardar da ke rataye a ɗakin can ba irin tawa ba ce. A ta tsoho akwai ƙofa a tsakiya. A tawa babu."

"Bi taka, Malam Yunusu."

"Ya sani?"

"Na ce ka bi taka."

Ya dube ta, ta kau da kai. Shi magini ne, ba limami ba, ya ɗauki igiyarsa ya koma bakin aiki. Amma daga ranar ya daina tsayawa hira da ita, gaisuwa ce kawai a tsaitsaye.

Bulo ya fara hawa. Da farko Malam Mudi bai damu ba, yana zaune a bakin masauki yana yi wa leburori addu'a, yana miƙa musu moɗa. Bango ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya fara cinye ƙafafun masu wucewa, sannan kawunansu. Wata rana Zaliha ta dawo ta same shi a tsaye yana shafa bulon da ke daidai da ƙofarsa.

"Uwata, ba su bar gurbin ba fa. Ko mantawa suka yi?"

"Sai an gama ake hudawa, Baba. Haka ake yi yanzu."

"To, to. Ku kuka san aikinku."

Har zuwa wannan rana tana lallashin kanta cewa na'ura ce ta yi ƙarya, ita shiru kawai ta yi. Yanzu kuwa da bakinta ta faɗa, kuma ya yarda nan take ba tare da ya ƙara tambaya ba. Wannan yardar ita ta fi ci mata rai. Ta shiga madafa ta yi kuka, ta ɗora wa albasa laifi duk da ba wanda ya tambaye ta.

Ana cikin yaɓe ta bugo wa Salmanu.

"Yaya, butik na tsakiyar nan, a fasa bayansa a mayar da shi hanya. Ginshiƙin yana gefe, na duba, zai yiwu. Baba bai san ƙofar za ta ɓace ba."

"Ke kika ce ya yarda."

"Ya yarda da abin da ya gani, ba da abin da ake ginawa ba."

"Zaliha, na riga na yi wa mutum alkawarin wurin nan, har ya sayo kantar shago. Tsoho zai saba. Wa ke zuwa masaukin nan, fisabilillahi?" Ya gyara murya. "Af, dama ina so in gaya miki. Batun dawowa, Bilkisu ta ce a bari yara su gama makaranta tukuna, kada a raba musu karatu. Ki nemi 'yan haya masu mutunci a sa a saman, a fitar musu da matakala ta titi don kada su dame ku."

"Har yaushe?"

"Allah ne masani. Ai muna tafe."

Ƙaramin cikin yaran ko yaye shi ba a yi ba. Zaliha ba ta yi gardama ba, ta ce a gaida su Bilkisu, ta kashe wayar. A gidan nan an san ma'anar muna tafe, kakansu ma da ita ya mutu a baki. Ta zauna a kan turmi har aka kira magariba, tana jin kanta kamar wadda ta sayar da akuya ta dawo gida da igiya.

Aka gama gini, aka yi fenti launin ƙasa-ƙasa daidai da na zane, leburori suka kwashe katakansu. Ranar Juma'a bayan an sauko, Malam Mudi ya ciro takardarsa daga ƙusa, ya naɗe ta ya saƙale a hammata.

"Zo ki tsallakar da ni titi, in gani yadda baƙo zai gani."

Ta riƙe masa hannu suka jira motoci suka wuce. A can gefen, wajen mai sayar da kankana, ya juyo ya warware takardar. Ya dubi takarda, ya dubi gini. Ya kare rana da tafin hannu ya sake dubawa. Ƙofofin ƙarfe ne a jere, da bango sumul a tsakaninsu. Ya daɗe yana nema, yana zargin idonsa kafin ya zargi 'yarsa.

"Ina take?"

"Tana nan, Baba. Baya take. Bango ya rufe ta."

"Yaushe za a huda?"

"Ba za a huda ba."

Ya sauke takardar a hankali. "A nan kuma me ya fito da ita?"

Ta yi masa bayani yadda zai gane, cewa a na'ura komai yana nan a jere, wani kan wani, kuma abin da aka zana daga ƙarshe shi ke hawa sama sai an mayar da shi wurinsa. Ta ce ita ta zana ƙofar daga ƙarshe, ta manta ba ta mayar da ita baya ba.

"To na'ura ce ta yi, ko ke?"

"Na'ura ce ta yi. Ni kuma na gani na yi shiru."

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun ranar da na shimfiɗa maka a tabarma."

Ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da sauƙi. Kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san mutum yake kallonta.

"Don me, Uwata?"

Da tana da wayo da ta ce Salmanu ne ya matsa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma ta gaji da ɗaukar abin, sai ta faɗi wanda ke can ƙasan zuciyarta.

"Gidan ya yi mini shiru, Baba. Na so a ce akwai mutane a ciki."

Malam Mudi ya gyaɗa kai. Ya naɗe takardar da kyau, ya miƙa mata.

"Ashe ni ba mutum ba ne," in ji shi.

Ta kai hannu za ta riƙe shi, ya ɗaga sandarsa kaɗan, ya tsallaka shi kaɗai. Wani mai babur ya taka birki yana zagi, tsohon bai ko waiwaya ba.

Ta ɗauka zai kwanta ciwo, ko ya tara dattawan unguwa a kanta, ko ya sa a bugo wa Salmanu ya tsine masa. Ba ɗaya da ya yi. Da sassafe ta ji ana jan abu a ƙasa. Ta fito ta tarar ya kwashe ruwan randar, yana mirgina ta cikin lungu, yana hutawa yana ci gaba. Ta ruga za ta kama masa, ya ce ta bari. Ya kai ta har bakin titi, ya girke ta a jikin sabon bangon, daidai inda yatsansa ya tsaya a takarda. Ya koma ya ɗauko tabarma da moɗa, ya yi ta jigilar ruwa da buta har randar ta cika. Sannan ya zauna ya miƙe ƙafa, fuskarsa tana kallon hanya.

Tun daga ranar nan wurin zamansa ke nan. Masu butik suka tare, mai sayar da katin waya da tela da mai kayan gyaran babur, suka same shi a nan suka bar shi, don ba a tayar da tsoho. Duk wanda ya gifta da ƙunshi a ka ko jaka a kafaɗa, Malam Mudi zai ɗaga murya ya yi masa sannu, ya ce ga ruwa, in kuma baƙo ne akwai masauki a ciki. Wasu su sha su yi godiya, wasu su ɗauka sayarwa yake, wasu su taɓa kai su wuce suna murmushi. Rana ta juyo ta doke shi, tela ya tausaya ya ɗaura masa buhu a sama. Ba ya shiga gida sai kwanciya, kuma kafin Zaliha ta gama sallar asuba ya fice. A da, ko ba komai, sukan ci tuwo tabarma ɗaya, ya ba ta labarin mutanen da suka sauka a gidan zamanin yana yaro, labaran da ta haddace har tana ƙosawa da su. Yanzu da za a sayar mata da ɗaya daga cikinsu da ta saya.

'Yan haya suka shiga saman, wasu ma'aikata da ba ta san ko sunansu ba. Takan jiyo takunsu da rediyonsu daga saman benen, su sauka ta matakalarsu ta titi su tafi. Gidan ya ƙara duhu, don benen ya tare hasken safe. A biro kuwa Fatron ya yaba fasad ɗin, ya sa aka manna ta a bango don masu kawo aiki su gani. Wani lokaci in ta ga ba mai kallonta, takan buɗe zanen ta fito da ƙofar gaba, ta zuba mata ido, ta mayar da ita baya kafin wani ya juyo. A allo abin ba ya ɗaukar ƙiftawar ido.

Ta ba mahaifinta haƙuri sau da dama, a tsugune, yana cewa ba komai, ya wuce. Amma bai dawo ciki ba. Sai ta ce bari ta bi ta abinci, tunda an ce ciki shi ke da hanya. Wata Asabar ta sauka bakin kogin Shari ta zaɓo kifi ɗanye mai kyau, ta yi miyar kuɓewa busasshiya yadda mahaifiyarta ke yi masa, ta tuƙa tuwon gero mai laushi saboda haƙoransa. Ta share tsakar gida ta shimfiɗa tabarmarsu ta da. Rana ta yi sanyi ta fito ta lungu da kwanon a hannu, don ƙamshin ya yi mata roƙo. Ta durƙusa a gefen randar.

"Baba, sannu da hutawa. Na yi maka miyar Inna. Ka taso mu shiga ciki mu ci tare, don Allah. Yau kaɗai."

Ya juyo ya dube ta. Ya gane ta sarai, hazon idonsa bai kai nan ba. Ya nuna gefen tabarma da haɓa.

"Halli hini," in ji shi. "Shukran."

Ajiye nan, na gode. Da Larabci ya faɗa, cikin ladabi, yadda zai faɗa wa matar tela in ta kawo masa shayi. Larabci harshen kasuwa ne da titi da maƙwabta. Tun da aka haife ta, ko cikin faɗa ko cikin wasa, mahaifinta bai taɓa yi wa ɗan cikinsa magana da shi ba.

Ta ajiye kwanon inda ya nuna. Ta miƙe, ta bi lungu ta koma ciki, ta zauna a kan tabarmar da ta shimfiɗa, nata kwanon a rufe a gabanta. Ta bayan bango tana jiyo muryarsa ya ɗaga ta, yana tare wani mai wucewa da Hausa.

"Sannu da hanya, ɗan'uwa! Daga ina? Zo ka sha ruwa."